Girkin Koriya a Tukunyar Jos: A Fara Daga Farin Gada

Ta ido abincin Koriya ya fara shigo mana kafin ya kai ga harshe. Waɗanda suka sha kwana suna kallon Jumong a faifai shekarun baya, da waɗanda suka bi Dae Jang Geum, wasan da tashar MBC ta fara nunawa a 2003 a kan wata mai girkin fada da ta zama likitar sarki, sun saba ganin an jera wa mutum ɗaya ƙananan kwanoni kewaye da tasar shinkafa, kowanne da launinsa. Ƙannensu da 'ya'yansu a waya suke kallo yanzu, a Netflix da YouTube da TikTok, inda nama ke ƙara a kan garwashi a tsakiyar tebur, ana ɗaukar jan kabejin nan da ake kira kimchi da tsinke biyu, taliya na tururi a ƙaramar tukunya. Gwamnatin Koriya ta Kudu ta san darajar wannan sha'awa. Tun 1980 take da hulɗar jakadanci da Najeriya, kuma a 2010 ta buɗe cibiyar al'adunta a Abuja, irinta ta farko a Afirka, inda ake koyar da harshe da rawa da taekwondo da girki. Don haka ba abin mamaki ba ne a yau a samu amarya a Rikkos, ko ɗaliba a Jami'ar Jos, ko saurayi mai son kicin a Bukuru, sun ɗaura niyyar gwada girkin Koriya a gida karon farko.

Inda gizo ke saƙar shi ne matakin farko. Mai koyo yakan buɗe bidiyo ya kwafe jerin kayan haɗi: gochujang, gochugaru, doenjang, ruwan kifi na kwalba, da dogon kabejin nan mai laushin ganye da ake kira baechu. Daga nan sai ya nufi manyan kantunan kayan waje, ko ya aika a sayo masa daga Abuja ko Legas. To, tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a shekarar da ta biyo baya, duk abin da ya tsallako teku a cikin kwalba ya zama na masu hali. Ƙarshenta wani ya haƙura ya ce abin ba na talaka ba ne, wani kuma ya sayi ledar taliyar Buldak guda, ya dafa, ya sha yaji har da hawaye, ya ɗauka ya ɗanɗani Koriya. A ganina duka biyun tun daga ƙofar gida suka ɓata hanya. Abin da ya cancanci koyo a girkin Koriya dabarunsa ne: yadda ake sa wa ganye gishiri ya saki ruwa, yadda ake barin sa ya yi tsami bai ruɓe ba, yadda ake tsoma ganye a ruwan zafi a fitar da shi da sauran ransa, da yadda ake kewaye shinkafa da 'yan abubuwa kaɗan-kaɗan maimakon miya ɗaya. Waɗannan dabaru ba su buƙatar dala, kuma a duk faɗin Najeriya da wuya a samu garin da ya fi Jos dacewa da su. Mai son farawa kasuwar Farin Gada ya kamata ya nufa da kwandonsa.

Dalilin farko yana cikin ƙasa da iska. Jos tana zaune a kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku, kuma tsayin nan ne ya sa kabeji da karas da koren wake da latas da dankalin turawa ke yi a nan yadda ba sa yi a Lakwaja ko Makurɗi. Noman lambu ya kafu a Filato tun zamanin haƙar kuza, lokacin da 'yan lambu suka riƙa noma wa Turawan kamfanoni irin ganyayen da suka saba ci, kuma kududdufan da haƙar ta bari su ne har gobe ke shayar da gonakin rani masu yawa. Daga Bokkos da Mangu da Barkin Ladi da kewayensu mafi yawan dankalin turawan Najeriya ke fitowa. Wanda ya duba taswirar Koriya ta Kudu zai ga lardin Gangwon a arewa maso gabas, ƙasar duwatsu, inda aka yi gasar Olamfik ta hunturu a Pyeongchang a 2018. Da dankali aka san lardin nan, garin Taebaek da ke cikinsa a kan haƙar kwal ya tashi, kuma saboda kabejin kimchi ba ya jure zafi, a watannin Yuli da Agusta daga gonakin tudu irin na Anbandegi, mai tsayin mita 1,100, ake kai shi Seoul. Girke-girken da lardin ya shahara da su kamar don kasuwar Jos aka tsara su. Akwai gamjajeon: a goge ɗanyen dankali, a matse shi a kyalle, a bar ruwan ya kwanta, a tsiyaye na sama, a mayar da farin sitacin da ya zauna a ƙasa cikin gogaggen dankalin, a sa gishiri, a baza shi a kasko da ɗan mai har gefensa ya yi ƙamas. Ba fulawa, ba ƙwai, sitacin kansa ke riƙe shi. Akwai kuma dakgalbi na birnin Chuncheon, kaza da ake soyawa tare da kabeji da dankalin Hausa da albasa da jan haɗi, kuma kabejin da suke sawa a ciki irin namu ne mai dunƙulallen kai.

Kimchi ne dai ya fi tsorata mai koyo, alhali aikinsa bai kai na daddawa wuya ba. A samu kabeji mai nauyi wanda ganyensa bai yi yaushi ba, a yanka shi manya-manya, a wanke, a barbaɗa gishiri kamar cokali uku ga kilo ɗaya, a bar shi awa ɗaya zuwa biyu ana juyawa. Za a ga ruwa ya taru a ƙasan roba, kabejin ya ragu kusan rabi. Alamar ya yi ita ce a ɗauki ɓangare mai kauri a lanƙwasa, ya lanƙwasu bai karye ba. Sai a ɗauraye sau biyu ko uku, a zuba a kwando ya tsane. A gefe guda a dama cokali ɗaya na garin shinkafa a kofin ruwa, a ɗora a wuta ya yi kaurin kunu, a sauke ya huce, a zuba masa dakakken tattasai da tafarnuwa da ɗanyar citta da albasa da ɗan sukari, da garin busassun ƙananan jatan landen nan da ake zubawa a miya, wanda zai tsaya a madadin ruwan kifi. A cakuɗa da kabejin da yankakken karas da lawashi, a danna a kwalba ko roba mai murfi har ruwan ya taso ya rufe ganyen, a bar wuri a sama domin zai kumbura. Daga nan aikin ya koma hannun wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, dangin waɗanda ke mayar da madara kindirmo, su sa kamu tsami. Suna cin zaƙin ganyen suna fitar da tsami, tsamin da gishirin kuma suna korar masu ruɓar da abinci. A nan ne yanayin Jos ke yin amfani. A Kano ko Sakkwato a watan Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, kwalbar kan wuce gona da iri kafin a farga, ganyen ya yi laushi, tsamin ya yi kaifi. A Jos kuwa, musamman daga Nuwamba zuwa Janairu da sanyin dare kan sauko ƙasa da digiri 10 a wasu kwanaki, tsamin a hankali yake shiga, kwana biyu ko uku a ɗaki mai inuwa, kuma a hankalin nan ne ɗanɗano ke zama. Lokacin ya zo daidai da fitowar kabejin rani, ya kuma zo daidai da lokacin da mutanen Koriya ke nasu kimjang, gayyar haɗa kimchin hunturu a ƙarshen Nuwamba, wadda UNESCO ta sa cikin al'adun duniya a 2013.

Mai cewa ai babu wuta balle firji yana da gaskiyarsa, amma ya kamata ya san cewa firjin kimchi na musamman sai a tsakiyar shekarun 1990 ya bazu a gidajen Koriya. Kafin nan a manyan tukwanen ƙasa suke zuba shi su binne a tsakar gida. Mu ma muna da namu: tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da malamin nan na Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000, kuma a busasshiyar iskar hunturu ta fi yin aiki.

Barkono ne wurin da aka fi yin ɓarna, don haka ya cancanci a tsaya a kansa. Mai kallon bidiyo yana ganin an kamfaci rabin kofi na jan gari an zuba, sai ya ɗauko garin barkonon da ke kicin ɗinsa ya auna rabin kofi shi ma. Abin da zai fito ba mai iya ci. Gochugaru, garin barkonon nasu, ja ne ƙwarai amma zafinsa kaɗan ne, yana da ɗan zaƙi-zaƙi, kuma ba a niƙa shi ya yi laushi, ɓarzawa ake yi. A ma'aunin zafin barkono na Scoville da wuya ya wuce 10,000, alhali attaruhu daga 100,000 yake farawa. Abin da ya fi kusa da shi a wurinmu busasshen tattasai ne. A zaɓi mai jan launi mai sheƙi wanda bai yi fumfuna ba, a goge ƙura, a fasa a kaɗe 'ya'yan, a ƙara shanya shi ya bushe ƙarau, a daka a turmi sama-sama, sannan a ƙara ɗan barkono gwargwadon bakin mutanen gidan. Yajin da ake sayarwa a ƙulle ba zai yi ba, domin yana ɗauke da ƙuli-ƙuli da kayan ƙamshi da magi, kuma man da ke cikin ƙuli yana ɓata abin da za a ajiye ya yi tsami. Wanda ya iya wannan daka ɗaya ya riga ya rage rabin kuɗin da zai kai kanti.

Za a ce, kuma ana faɗa, cewa kimchin da aka yi da kabejin Jos da tattasai ba kimchi ba ne, kwaikwayo ne, kuma rainin al'adar wasu ne a canza musu abinci a ci gaba da kiran sa da sunansa. Wannan magana tana da nauyi, domin mu ma ba za mu ji daɗi a dafa wani abu da garin alkama a kira shi tuwon shinkafa ba. Sai dai tarihin girkin Koriya da kansa bai goyi bayanta ba. Jan barkonon da ya zama tambarin abincinsu daga nahiyar Amurka ya fito, kamar yadda namu ya fito, kuma sai a 1614 aka fara ambatonsa a wani littafi na Koriya. Kafin nan kimchi fari ne, gishiri da ganye. A 1937 Stalin ya kwashe mutanen Koriya wajen 170,000 daga gabashin Rasha ya zube su a Kazakistan da Uzbekistan, inda ba su tarar da kabejinsu ba. Karas suka samu, suka yanka shi siri-siri suka haɗa da tafarnuwa da barkono da mai, kuma har yau a kasuwannin Tashkent da Almaty da Mosko da sunan karas irin na Koriya ake sayar da shi. Bayan yaƙin 1950 zuwa 1953, mutanen Uijeongbu sun tattara naman gwangwanin da ke fitowa daga barikin sojan Amurka suka dafa da kimchi, ya zama budae jjigae, miyar da gidajen abinci ke alfahari da ita yanzu. Shi kansa dakgalbi a shekarun 1960 aka fara shi da kaza saboda ta fi araha. Ko a 2010, da damina ta ɓata amfani har kan baechu ɗaya ya haura won 10,000, shugaban ƙasar na lokacin, Lee Myung-bak, ya ce a riƙa yi masa kimchi da dunƙulallen kabeji. An yi masa ca a kan maganar, amma saboda shi ma wancan kabejin ya yi tsada a lokacin. Irin wannan kimchi sananne ne a Koriya, da sunansa. Mutanen da suka yi girki da abin da suka tarar a Tashkent ba za su ga laifin wadda ta yi da abin da ta tarar a Jos ba. Abin da ladabi ke nema shi ne ta faɗi gaskiyar abin da ta sa a ciki.

Mu kanmu ba baƙin wannan hanya ba ne. Awarar da ake soyawa a kowane lungu da yamma, 'yan makaranta na layi da kuɗinsu a hannu, abincin gabashin Asiya ce. Mutanen Koriya dubu suke kiran ta. Ta bazu a ƙasar nan ne bayan aikin da cibiyar IITA ta Ibadan ta yi a kan waken soya daga ƙarshen shekarun 1980, da taimakon wani masanin abinci ɗan Japan, kuma matan Arewa suka ɗauke ta suka riƙa haɗa ta da ruwan tsami, suka ba ta yaji da kabeji, har yaro ba zai yarda ba tamu ba ce tun kaka da kakanni. Wadda ta sayi awara ɗanya, ta soya sama-sama, ta jera a kasko ta zuba mata ruwan soya da tafarnuwa da lawashi da dakakken tattasai ta bar shi ya tsotse, ta yi dubu jorim ke nan ba ragi. Haka namul, ganyen da suke tsomawa a tafasasshen ruwa na ɗan lokaci, su matse, su murza da man riɗi da tafarnuwa da gishiri: duk wadda ta iya kwaɗon zogale ko na rama hannunta ya san aikin, illa a nan riɗi ne ya maye gurbin ƙuli, kuma ba a barin ganyen ya dahu ya mutu. Alayyafo na yi, ganyen wake na yi, kokwamba ma ba ta buƙatar wuta. Riɗin kuwa namu ne. Najeriya na cikin manyan masu noma shi a duniya, Nasarawa da ke maƙwabtaka da Filato da kuma Binuwai suna cikin jihohin da suka fi noma shi, kuma zuwa Asiya ake fitar da kaso mai yawa. Abin takaici ne mu sayar da shi a buhu da araha, sannan mu sayi mansa a ƙaramar kwalba da tsada. Sirrin man riɗin Koriya soya ƙwayar ne kafin a matse, kuma a gida ya isa a soya riɗi a busasshen kasko har ya yi ƙamshi ya fara tsalle, a daka, a haɗa da ɗan man gyaɗa. Citta daga Kudancin Kaduna take zuwa, ko da yake cutar da ta faɗa wa gonakinta a 2023 ta sa ta yi tsada. Shinkafar tuwo, fara mai danƙo wadda ba a turara ba, ita ce mafi kusa da tasu. Bulgogi kuma nama ne da aka yanka fale-fale aka jiƙa a haɗi, kuma babu wanda zai koya wa mahaucin da ke yankan tsire da kilishi yadda ake fere nama siriri; a dai gaya masa abin da ake so. Inda suke sa wani irin fiya nasu don naman ya yi laushi, markaɗaɗɗiyar albasa da ɗan abarba sun wadatar, kada dai abarbar ta yi yawa ta narkar da shi.

Duk da haka akwai iyaka, kuma ɓoye ta yaudara ce. Ruwan soya ba shi da madadi a kasuwarmu, sai an saya; sa'ar da aka yi ita ce kwalba ɗaya tana daɗewa, kuma ya fi sauran sauƙin samu. Gochujang da doenjang kuwa aikin watanni ne. Wajen yin doenjang, ana dafa waken soya a kirɓa a yi masa curi, a rataye ya bushe ya yi fure, a jiƙa a ruwan gishiri a cikin tukwane, a raba ruwan da dusar, kowanne ya ci gaba da nuna. Wannan sana'a ce da UNESCO ta karrama a Disambar 2024. Masu cewa daddawa ita ce doenjang sun yi sauri. Daddawa, ta kalwa ko ta waken soya, 'yar'uwar cheonggukjang ce, wanda ake rufe dafaffen wake a wuri mai ɗumi kwana biyu zuwa uku har ya yi yauƙi da wari, domin ƙwayar halitta iri ɗaya ce ke aikin a duka biyun. Miyar da aka yi da daddawa da awara da kabewa da dankali za ta yi daɗi, kuma tana da dangi a Koriya, amma ɗanɗanonta daban yake da na doenjang. Wanda ke da hali ya sayi ƙaramar robar gochujang ɗaya don harshensa ya san inda aka dosa, wannan dabara ce mai kyau. Abin da ba shi da amfani shi ne a jingine girkin gaba ɗaya har sai an tara kwalabe bakwai.

Tambayar halal tana zuwa da wuri a gidajen Musulmi, kuma daidai ne ta zo. Gaskiya ne naman alade na da babban gurbi a teburin Koriya ta yau, ana sa giyar girki a haɗin nama, kuma kamfanoni da yawa na ƙara ɗan barasa a gochujang na roba don kada ya kumbura. Amma wannan hujja ce da ke ƙarfafa girkin gida. Wanda ya sayi leda mai rubutun da ba ya iya karantawa shi ne ke cikin shakka. Wadda ta daka tattasanta ta yanka kabejinta ta san duk abin da ya shiga tukunyar. Bulgogi naman sa ne, dakgalbi da samgyetang kaza ce, namul da gamjajeon ba nama a cikinsu ko kaɗan, kuma ɗan sukari da ruwan citta suna yin aikin giyar girki. Tsamin kimchi irin na nono da koko ne. Ga abin da dole a saya, a nemi tambarin halal: akwai Musulmi a Koriya, babban masallacin Seoul a unguwar Itaewon tun 1976 yake, kuma ƙungiyar Musulmin ƙasar na ba kayayyaki takardar shaida.

Maganar lafiya ta fi wannan nauyi, kuma masu tallar kimchi a matsayin maganin kowace cuta ba su kyauta ba. Abinci ne mai gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, kuma Koriya na cikin ƙasashen da ciwon dajin ciki ya fi yawa, abin da masana ke dangantawa da dalilai da suka haɗa da yawan cin abinci mai gishiri. A can ɗan kaɗan ake ɗiba a gefen shinkafa. Wanda ya cika faranti da shi, ko mai hawan jini, ya yi hattara. Inda ruwan soya ya shiga kuma, magi da gishiri su fita. Sai batun ruwa, wanda ya shafe mu kai tsaye. Kimchi ɗanye ake ci, kuma wasu lambunan cikin gari da ruwan rafin Dilimi da makamantansa ake ba su ruwa, rafukan da magudanan unguwanni ke zuba a ciki. Tsami na kashe ƙwayoyin cuta da dama, amma ba a dogara da shi a kan ƙwan tsutsar ciki. A 2005 hukumomin Koriya sun gano irin wannan ƙwai a kimchin da aka shigo da shi daga Sin, daga baya har a wasu na cikin gida. Saboda haka a cire ganyen waje a yar, a wanke sauran da ruwa mai tsabta, a wanke hannu da kwalba, a tambayi mai kaya daga ina kabejinsa ya fito. In an buɗe aka ga fumfuna mai launi, ko yauƙi, ko warin ruɓa maimakon ƙamshin tsami, a zubar ba tare da jayayya ba.

Ƙorafin da ya fi taɓa zuciya shi ne na dattawa: kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, yarinyar da ba ta iya gwate ba, ba ta san yadda ake wanke acca a raba ta da tsakuwa ba, me ya kai ta girkin mutanen da ba ta taɓa gani ba? Ina tare da su a kan cewa gwate da tuwon acca da miyar kuka ne ya kamata su riga shiga hannun yaro. Amma abin da ke korar abincin gargajiya daga gidajenmu leda ce, taliyar minti uku da lemon kwalba, kuma yarinyar da ta tsaya ta daka tattasai ta jira kabeji kwana uku ta fi kusa da kakarta mai daddawa fiye da wadda ta yaga leda. Akwai kuma wata riba da ta wuce kicin. Mu mutanen shanya ne: muna busar da tumatir da kuɓewa da kuka da tattasai da nama, kuma mun ƙware. Kabeji da kokwamba da karas kuwa baƙi ne da suka zo mana ba tare da hanyar adana su ba, kuma ba su karɓar shanya yadda kuɓewa ke karɓa. Shi ya sa duk shekara idan kaya suka yi yawa, ko mota ta kwana a hanyar Abuja ko ta kudu, manomi ke sayarwa a faɗuwa, abin da ya rage ya ruɓe a gefen kasuwa. Gishiri da tsami su ne amsar da ƙasashe masu kabeji suka samo wa wannan matsala, Jamusawa da nasu salon, mutanen Koriya da nasu. Ba na cewa kwalabe a kicin za su ceci manomin Mangu, amma garin da ke noma kabejin da ake ci har Legas da Fatakwal ya kamata a ce ya san hanya fiye da ɗaya ta hana shi lalacewa. Wannan aiki ne da Jami'ar Jos da hukumar bunƙasa noma ta jihar da ƙungiyoyin mata masu sana'ar abinci za su iya gwadawa da kuɗi kaɗan, su auna gishirin da ya dace da kabejinmu da yanayinmu, su fitar da ma'auni da mudu da cokali da Hausa.

Saura bakin mutanen gida, wanda shi ne alƙali na ƙarshe. Maigidan da ya saba da miya mai zafi a kan tuwo ba lallai ya karɓi kabeji mai sanyi da tsami a rana ɗaya ba, kuma ba laifinsa ba ne. Don haka kada a fara da kimchi a ranar da ake da baƙi. A fara da wainar dankali da awara mai ruwan soya, waɗanda ba wanda zai ƙi. A bi da nama da kwaɗon alayyafo mai riɗi a kan shinkafar tuwo, da soyayyen ƙwai a sama, a cakuɗa da cokali, an yi bibimbap ke nan. Kimchin farko a yi shi da kan kabeji ɗaya tak, a ɗanɗana kullum don a gane inda tsaminsa ya yi wa gidan daidai, in ya wuce kuma kada a zubar, a soya shi da shinkafar jiya kamar yadda su ma suke yi. Mai niyya ya daka tattasansa tun kaka, ya tanadi kwalba mai murfi, ya jira sanyin Disamba lokacin da kabejin rani ya fara cika kasuwa.